Seres: Duniyar da Ta Ɓace, Alƙalami Ya Dawo da Ita

A watan Satumba na 1800 wasu masana falaki su shida suka hallara a Lilienthal, wani ƙaramin gari kusa da Bremen a arewacin Jamus. Mai masaukinsu shi ne Johann Schröter, alƙalin yankin, wanda ya zuba dukiyarsa wajen gina manyan madubban hangen taurari a bayan gidansa. Jagoran taron kuwa Franz Xaver von Zach ne, shugaban ɗakin duba taurari na Seeberg da ke Gotha. Cigiya ce ta tara su, cigiyar abin da babu wanda ya taɓa gani. Sun haƙiƙance akwai wata duniya da ke kewaya rana tsakanin Mirrihi da Mushtari, suka yanke shawarar raba hanyar burujai kashi 24, a damƙa wa masana 24 na ƙasashen Turai, kowa ya tsare yankinsa har sai an kama ta. Saboda wannan sintiri aka yi musu laƙabi da 'yan sandan sama.

Zargin ya daɗe. Tun 1596 Johannes Kepler ya lura cewa filin da ke tsakanin Mirrihi da Mushtari ya yi faɗin da bai dace ba. A 1766 wani malami a Wittenberg, Johann Titius, ya fito da wani ɗan lissafi, Johann Bode na Balin ya ɗauka ya yayata shi daga 1772 har sunansa ya rufe na mai shi. Lissafin mai sauƙi ne. A jera 0, 3, 6, 12, 24, 48, 96, a ƙara wa kowanne 4, a raba da 10. Sai a samu 0.4, 0.7, 1.0, 1.6, 2.8, 5.2, 10.0. Idan aka ɗauki nisan Ƙasa daga rana a matsayin mudu ɗaya, waɗannan lambobi sun faɗa kusan daidai kan Uɗaridu, Zuhura, Ƙasa, Mirrihi, Mushtari da Zahalu. Gurbi ɗaya ne babu kowa a cikinsa: 2.8.

Da yawa sun ɗauki abin wasa da lambobi ne, sai ga William Herschel ya gano Yuranus a Ingila a 1781. Lamba ta gaba a jerin 19.6 ce, Yuranus kuma aka auna shi a wajen 19.2. Daga nan masu shakka suka ragu. A gaskiya ƙa'idar ba ta da wani tushe da aka iya kafawa, kuma da aka gano Naftun a 1846 ta rushe, domin ta ce 38.8 shi kuwa yana wajen 30. Amma ita ce ta hana mutane barci har suka fita nema, kuma wannan aikin ta yi shi da kyau.

Cikin mutum 24 da aka zaɓa akwai wani fada na Katolika, Giuseppe Piazzi, ɗan arewacin Italiya da aka haifa a 1746, wanda ya koyar da lissafi a Palermo, babban birnin tsibirin Sisili. Takardar gayyata ba ta kai gare shi ba kafin ya yi abin da suka taru dominsa. Bahaushe ya ce allura cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Sai dai rabon Piazzi ba daga kwance ya same shi ba.

Ɗakin duba taurarinsa an kafa shi a 1790 a saman hasumiyar tsohuwar fadar sarakunan Palermo, birnin da Idrisi ya zauna ya kammala shahararren littafinsa na taswirar duniya a 1154. Kafin a gina ɗakin sai da Piazzi ya je Landan ya tare a wurin Jesse Ramsden, maƙerin kayan awo da babu kamarsa a zamanin, wanda kuma ya yi suna wajen saɓa alkawarin lokaci. Ya matsa masa har ya kammala masa wani zoben ƙarfe mai faɗin ƙafa biyar, an tsattsaga gefensa da ma'aunin digiri, an ɗaura masa madubin hangen nesa. Da wannan na'ura ya sa kansa aiki mai gundura: auna matsayin dubban taurari ɗaya bayan ɗaya, domin kundayen da ake amfani da su cike suke da kurakurai. Yakan jira tauraro ya zo tsallake layin da rana ke tsallakawa lokacin zawali, ya duba agogo, ya karanta ma'auni, a rubuta. Kuma ba ya yarda da awon dare ɗaya. Sai ya koma kan tauraro guda a darare da dama ya ga ko lambobin sun yi daidai. Wannan naci shi ne asirin abin da ya biyo baya.

Daren 1 ga Janairu 1801 yana aiki a burujin Sa, yankin da Kaza da 'ya'yanta suke, yana neman wani tauraro da ke cikin kundin Bafaranshe Lacaille. Gab da shi sai ga wani ɗan ƙaramin tauraro mai rauni, wanda ido ba ya gani sai da madubi. Ya auna shi, ya rubuta, ya wuce. Washegari ya sake aunawa, lambobin suka saɓa da na jiya. Ya zargi kansa da kuskure. A dare na uku suka sake saɓawa, kuma ta gefe guda. A dare na huɗu ya sakankance: abin nan tafiya yake yi. Da mai awon dare ɗaya ne, da ya shigar da shi kundi a matsayin tauraro na kaza, labari ya ƙare a nan.

Ya bi shi har 11 ga Fabrairu, ya samu awo 24 cikin kwana 41. Da fari abin yana ja da baya zuwa yamma, wajen tsakiyar Janairu ya tsaya cik, sannan ya juya gabas, irin tafiyar da duniyoyi ke nunawa idan Ƙasa ta zo ta wuce su. Sai rashin lafiya ta kwantar da Piazzi. Kafin ya miƙe, abin ya matsa kusa da hasken rana, ba ya ganuwa.

A nan ne Piazzi ya yi abin da abokan sana'arsa suka daɗe suna ƙorafi a kai. Ranar 24 ga Janairu ya aika wasiƙa biyu, ɗaya ga Bode a Balin, ɗaya ga amininsa Barnaba Oriani a Milan. Ya ce ya ga tauraro mai wutsiya. Ga Oriani kaɗai ya buɗe cikinsa cewa abin ba shi da wutsiya, ba shi da hazo, tafiyarsa a natse take, don haka yana zaton ya fi ƙarfin tauraro mai wutsiya. Lambobin da ya bayar kaɗan ne. Turai kuma tana cikin yaƙe-yaƙen Faransa, wasiƙun suka yi wata biyu ko fiye a hanya. Cikakken awonsa bai fito fili ba sai a fitowar Satumba ta mujallar wata-wata da Zach yake bugawa. Ana iya yi masa uzuri: mutum ne mai tsoron ya yi shela ya ji kunya, kuma yana so ya lissafa falakin abin da kansa. Amma rowar ta jawo babu wani ido a duniya da ya ga abin sai nasa da na mataimakansa, har wasu suka fara raɗe-raɗin ko akwai shi ma.

Matsalar da ta fuskanci masana a ƙarshen 1801 ita ce zuciyar wannan tarihi. Abin da madubi yake ba mutum kusurwa biyu ne kawai, wato ta ina abu yake a fuskar sama. Ba ya faɗin nisa. Mai kallon kuma a kan Ƙasa yake, ita ma gudu take yi. Duk tafiyar da Piazzi ya gani ba ta wuce digiri uku ba a sama, daga cikin kewaye mai digiri 360. Makiyayi ne aka nuna wa sawu uku a bakin rafi, aka ce ya faɗi inda san zai kwana bayan wata goma. Da Yuranus ba a sha wannan wahala ba, domin tafiyarsa a hankali take, an daɗe ana ganinsa, har aka tono tsofaffin awo na waɗanda suka gan shi suka zaci tauraro ne. Wannan kuwa ɗan mitsitsi ne a cikin dubban masu kama da shi. Masu lissafi suka gwada da'ira, suka gwada hanyar taurari masu wutsiya, kowa ya fito da wurinsa daban. Da kaka ta yi aka duba wuraren, babu komai.

Sai mujallar Zach ta faɗa hannun wani saurayi ɗan shekara 24 a Braunschweig, Carl Friedrich Gauss, ɗan talakawa da sarkin garinsu ya ɗauki nauyin karatunsa. A shekarar ce ya fitar da babban littafinsa kan ilimin lambobi, wanda 'yan ƙalilan ne suka iya karantawa. Gauss ya ƙi ya fara da zato. Bai ce da'ira ce ba, bai ce kaza ce ba. Abin da ya riƙe kawai shi ne dokokin Kepler, cewa duk abin da ke kewaya rana yana bin hanya mai siffar ƙwai, yana sauri idan ya matso, yana sassautawa idan ya yi nisa. Irin wannan hanya lambobi shida ne ke tantance ta: girmanta, yawan miƙewarta, karkatarta, inda ta ratsa shimfiɗar hanyar Ƙasa, inda ta fi kusa da rana, da kuma inda abin yake a wani lokaci sananne. Kowane awo yana ba da lamba biyu. Awo uku ke nan sun isa, a ƙa'ida. A aikace kuwa lissafin yana da sarƙaƙiya ƙwarai, sai an yi kirdado, a gwada, a gyara, a sake gwadawa, duk da hannu da teburan logaridam. Ya ɗauki awo uku ya fitar da falaki, ya auna shi da sauran awon Piazzi, ya yi ta gyarawa har saɓanin ya zama ɗan kaɗan.

Wurin da ya nuna ya yi nesa da na sauran da fiye da digiri shida, wato faɗin wata goma sha biyu a jere. Zach ya buga hasashen a fitowar Disamba, ya kuma duƙufa nema. Ranar 7 ga Disamba ya hango wani abu, gajimaren hunturu ya rufe sama makonni. Sai a daren ƙarshe na shekara ya tabbatar. A farkon Janairu 1802 Heinrich Olbers, likita a Bremen wanda ke duba marasa lafiya da rana ya duba taurari da dare daga benen gidansa, shi ma ya ga duniyar, wadda aka sani yau da Seres, ba tare da sanin nasarar Zach ba. Shekara guda cif bayan ganin farko, ta dawo hannu, kusan daidai inda alƙalamin Gauss ya ajiye ta.

A ganina wannan dare ne aka gano Seres da gaske. Ganin abu sau ɗaya shaida ce ta mutum ɗaya. Sai an iya cewa ranar kaza zai kasance a wuri kaza, kowa ya je ya duba ya same shi, sannan ya zama ilimi. Har yau a kan haka ake tafiya: ba a ba irin waɗannan ƙananan abubuwa masu kewaya rana lamba ta dindindin, balle suna, sai falakinsu ya tabbata. Gauss ya zama shugaban ɗakin duba taurari na Göttingen a 1807, ya wallafa hanyarsa a 1809, tare da dabarar tace kurakuran awo da har yau ake koyarwa a darasin ƙididdiga. Kan wannan dabara suka yi ja-in-ja da Bafaranshe Legendre, wanda ya riga shi bugawa a 1805. Gauss kuma ya sa wa ɗansa na fari suna Joseph, takwaran Piazzi.

Falakin da aka tabbatar ya faranta wa Bode rai. Matsakaicin nisan Seres daga rana mudu 2.77 ne, wajen kilomita miliyan 414, gab da 2.8 ɗin da aka yi alkawari. Tana matsowa zuwa wajen 2.55, ta yi nisa zuwa kusan 3. Tana gama kewaye ɗaya cikin shekara 4.6, hanyarta kuma ta karkata da wajen digiri 10.6 daga shimfiɗar hanyar Ƙasa, karkatar da ta fi ta duk manyan duniyoyi. Tana juyawa a kan kanta cikin awa tara da 'yan mintoci.

Tun ba a sake ganinta ba aka fara rigimar suna. Zach yana kiranta Hera, Bode yana kiranta Juno. Piazzi ya tsaya kai da fata cewa wanda ya gano abu shi ke da haƙƙin raɗa masa suna, ya ce sunanta Seres Ferdinandiya. Seres ita ce gunkiyar noma da hatsi ta tsoffin Rumawa, wadda suka ɗauka uwar ɗakin Sisili, tsibirin da ya ciyar da Rum da alkama. Shi ya sa alamar da masana suka ba ta lauje ce. Rabin sunan na biyu kuwa godiya ce ga Sarki Ferdinand na Nafoli da Sisili, wanda a lokacin yake zaune a Palermo bayan ya tsere wa sojojin Faransa a ƙarshen 1798. Ba Piazzi ya fara wannan fadanci ba. Galileo ya raɗa wa watannin Mushtari sunan gidan Medici, Herschel ya kira Yuranus tauraron Sarki George. Duk ba su ɗore ba, wannan ma haka. Jamusawa da Faransawa suka karɓi Seres, suka yar da Ferdinand. Babu mai son ya ɗaga kai sama ya ambaci sarkin wata ƙasa. Abin yabo ga Piazzi shi ne, da sarkin ya so a buga lambar zinariya don tunawa da binciken, sai ya roƙi a sayo wa ɗakin duba taurarin sabuwar na'ura da kuɗin. Sunan ya yi farin jini har masu ilimin sinadarai suka ara: ƙarfen da aka gano a 1803 aka kira shi seriyam, yana cikin ƙanƙarar da ke ba da tartsatsi a laita.

Murnar cike gurbi ba ta yi wata uku ba. Ranar 28 ga Maris 1802 Olbers yana bin Seres sai ya ci karo da wata irinta, a kusan nisa ɗaya daga rana. Aka kira ta Palas. Karl Harding ya gano Juno a Lilienthal a 1804, Olbers ya ƙara da Vesta a 1807, ya bar wa Gauss raɗin suna. Gurbi ɗaya, masu shi huɗu. Herschel ya auna su ya ga ƙanana ne ainun, ko a babban madubinsa ɗigo ne kamar taurari, ya ce kada a kira su duniyoyi, a kira su astiroyid, wato masu kama da tauraro. Piazzi bai ji daɗi ba, wasu ma suka ce kishi ne na mai duniya guda da ba ya son kishiya. Awon Herschel ya yi ƙasa da yawa, ya ba Seres faɗin kilomita 260, Schröter kuma ya zarce ya ba ta fiye da 2,600. Gaskiyar tana wajen 940. Amma a kan batun ajinsu Herschel ne ya yi daidai.

Olbers ya kawo bayani mai daɗin ji: wata babbar duniya ce ta tarwatse, waɗannan ɓaraguzanta ne. Yau an bar wannan ra'ayi. Duk abin da ke cikin ɗamarar duwatsun da ke tsakanin Mirrihi da Mushtari, in an tara shi, bai wuce kashi uku zuwa huɗu cikin ɗari na nauyin wata ba, kuma Seres kaɗai ta kwashe wajen sulusinsa. Abin da aka fahimta shi ne ƙarfin jan Mushtari ne ya dama yankin tun farko, ya hana kayan haɗuwa su zama duniya.

Bayan Vesta aka yi shekara 38 shiru, littattafan makaranta suna lissafa duniyoyi goma sha ɗaya. Sai wani tsohon ma'aikacin gidan waya, Karl Hencke, bayan shekaru yana nema shi kaɗai, ya gano ta biyar a Disamba 1845. Daga nan ƙofa ta ɓalle. Zuwa 1868 an kai ɗari, aka bar zana wa kowacce alama aka koma lamba, Seres ta zama lamba 1, aka kuma zare su daga jerin duniyoyi ba tare da wani taro ko sanarwa ba. Rigimar sarauta ta sake tashi a 1850, da aka kira ta 12 Victoria a zamanin Sarauniya Victoria ta Ingila. Masu kare sunan suka ce ai gunkiyar nasara ta Rumawa ake nufi, aka bar shi. Da Max Wolf ya fara kama su da hoto a Heidelberg a 1891, sunayen gumaka suka ƙare, aka shiga na birane, mata, 'ya'ya da abokai. Da aka zo dubu aka tuna da mutanen farko: 998 Bodea, 999 Zachia, 1000 Piazzia, 1001 Gaussia, 1002 Olbersia. Yau an san fiye da miliyan guda. Dokar Ƙungiyar Masana Falaki ta Duniya ita ce wanda ya gano yana da shekara goma ya ba da shawarar suna bayan an ba da lamba, kada ya wuce harafi 16, kuma wanda aka sani da siyasa ko yaƙi ba ya samu sai ya shekara ɗari da mutuwa. Da Ferdinand bai ko kai gaban kwamiti ba.

Taron ƙungiyar na Prague a watan Agusta 2006, wanda ya sauke Pluto daga jerin manyan duniyoyi, shi ne ya ɗaga Seres zuwa ajin ƙananan duniyoyi, saboda nauyinta ya isa ya dunƙule ta. Kumbon Dawn na hukumar NASA ta Amurka, wanda ya tashi a Satumba 2007 ya fara yada zango a Vesta, ya shiga kewaya Seres ranar 6 ga Maris 2015. Ya tarar da ƙasa baƙa mai ramuka, da ƙanƙara mai yawa a ƙarƙashinta, da wasu fararen tabo masu ƙyalli a cikin ramin Occator. Bincike ya nuna gishiri ne dangin kanwa, wanda ruwan zartsi ya fito da shi daga ciki ya bushe ya bari. Man kumbon ya ƙare a ƙarshen 2018, har yanzu yana can yana kewaya ta, ba ya magana.

Zaɓin Piazzi ya ci gaba da aiki a kan taswirarta. An ƙa'ide cewa ramukan Seres za su ɗauki sunayen abubuwan bautar noma na al'ummun duniya, sauran wurare kuma sunayen bukukuwan girbi. Wasu jerin ramuka a can sunansu Uhola, bikin girbin Dakarkari na ƙasar Zuru a jihar Kebbi.